Salmanu da Abu Darda'i: Darasi Ga Shugabannin Birnin Gwari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ba mu jiki aro, zai kuwa tambaye mu yadda muka riƙe shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi lafiyar jikin shugabanni, watau hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da na'ibansu, da arɗo-arɗo, da shugabannin makarantu da na kasuwa. Mun zaɓi ƙasar Birnin Gwari ta zama abin misali, domin da wuya a sami wurin da aka jarraba shugabanni a cikin 'yan shekarun nan kamar can, ko da yake abin da za mu faɗa ya shafi kowane gari.

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga kiwo, ga zinariya a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin Turawa. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe shi gandun daji a 1936, aka mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuwa ya wuce murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Wannan daji da dā wurin saƙar zuma da man kaɗanya da kalwa ne, shi ne ya koma mafakar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A watan Oktoba na 2012 aka auka wa Dogon Dawa da asuba, aka kashe mutane wajen ashirin, da yawansu masallata ne. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum arba'in a Gwaska. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka yanke layukan waya a wasu sassan jihar har tsawon makonni, aka hana hawa babura. Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ɗorar da zaman lafiya.

To, an yi lissafin rayukan da aka rasa, da shanun da aka kora, da gonakin da suka koma saura. Akwai wata hasara kuma wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba. A ɗauki dagaci ɗaya misali. Kafin fitinar nan, da ya sallame sallar asuba sai ya saɓa fartanya ya nufi gona, ya yi tafiyar rabin sa'a zuwa, rabin sa'a dawowa, ya yi gumi, ya ci tuwonsa, bayan lisha ya kwanta. Da daji ya ɓaci, gona ta gagare shi. Ya koma zaure, daga tabarma sai kujera. Da tsakad dare waya ta kaɗa, an ɗauki wane, ana neman kuɗi kaza. Shi zai bi gida gida a harhaɗa, shi zai tsaya a kan gawa, shi zai amsa tambayar jami'an tsaro, shi kuma zai amsa zargin mutanensa. Barci ya ƙaurace masa, sai ya riƙa korar gyangyaɗi da goro da shayi mai zaƙi. In kansa ya sara, ya aika kemis a sayo masa maganin ciwon jiki ya haɗiya. Limamin garin ma haka, sai dai shi bisa ga wannan an ɗora masa lallashin zawarawa da marayu, ana sa ran ya ba kowa haƙuri, ba kuwa wanda ya taɓa tambayarsa yaya nasa ƙirjin yake.

Likitoci sun bayyana abin da irin wannan zama yake yi wa jiki. Sa'ad da mutum ya firgita, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zubo sukari cikin jini, duk domin ya sami ƙarfin gudu ko na kokawa. Rahama ce daga Allah ga wanda ya yi kiciɓis da zaki, gama da ya tsira sai jiki ya koma daidai. Amma idan firgitar ta zama ta kullum, shekara da shekaru, ga ƙarancin barci, ga zama wuri ɗaya, sai jini ya hau ya ƙi sauka. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Yawancin masu shi ba su jin kome, sai ran da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza, ko zuciya ta kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa cikin kowane baligai uku a duniya ɗaya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su ma san suna da shi ba. Maganin ciwon jikin nan da ake sha barkatai, irin su ibuprofen da diclofenac, su kansu suna ƙara hawan jini, suna kuma cin ƙoda in an daɗe a kansu.

Ƙarfin jiki da shugabanci

Wani zai ce, ai wannan zancen asibiti ne, me ya kawo shi filin addini? Amsa ita ce, shari'a ba ta raba shugabanci da ƙarfin jiki ba. A cikin Suratul Baƙara, da Banu Isra'ila suka raina Ɗalutu don ba shi da dukiya, annabinsu ya sanar da su cewa Allah ne ya zaɓe shi a kansu, ya kuma ba shi yalwa ta fuska biyu, ta ilimi da ta jiki. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana da ta ba ubanta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da riƙon amana. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, duk da tsoron Allahnsa da gaskiyarsa, da ya nemi a ba shi wani muƙami Manzon Allah ya hana shi, ya gaya masa yana da rauni, abin kuwa amana ne. Malamai sun ce raunin da ake nufi a nan na ɗaukar nauyin mulki ne, amma kowa ya sani wanda ciwo ya kwantar ba shi iya ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka ne malaman fiƙihu irin su Mawardi suka sa lafiyar gaɓoɓi da ta ji da gani cikin sharuɗɗan shugaba.

Abin lura shi ne jikin shugaba ba nasa ne shi kaɗai ba. Talaka in ya kwanta, gidansa ne ya kwanta. Mai gari in ya kwanta, sulhun da ke bakinsa ya tsaya, iyakar gonar da shi kaɗai ya san inda ta bi ta zama abin gardama, amincin da arɗo ya ba shi a kan idonsa ba lalle ya koma kan ɗansa ba. A ƙasar da ake rainon sulhu kamar jinjiri, mutuwar ɓarin jikin dattijo ɗaya wanda ɓangarori biyu suka yarda da shi tana iya warware aikin shekara guda. Ajali dai na Allah ne, ba mai ƙara wa kansa kwana. Amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya umurce mu da riƙon sababi, ya kuma sanar da mu ta bakin Manzonsa cewa bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Magabatanmu na ƙasar nan sun gane haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da yaƙe-yaƙe da gina ribaɗi, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

To, in hukunci a fili yake haka, me ya hana? Abin da ya hana shi ne shugaba ba shi da mai gaya masa gaskiyar jikinsa. Bafade aikinsa ya ce ranka ya daɗe, lafiya zaki. In maigida ya yi teɓa, sai a ce daula ce ta zauna. Matarsa ta ga yana tashi fitsari sau biyar cikin dare, ta yi magana, ya ce mata ta bari. Ɗansa da ya yi karatun kiwon lafiya ya durƙusa ya ce Baba a je a auna, ya amsa da to, maganar ta mutu nan. Ma'aikacin asibitin ƙauye kuwa yaro ne sa'an ɗansa, ba shi da bakin da zai tsawata wa hakimi. Shi kuma shugaban yana ɓoye ciwo da gangan, kada magauta su ji, kada masu harin kujera su fara lissafi. Wanda ya rage, wanda zai iya duban idonsa ya ce masa wane, ka kumbura, tashi mu je, shi ne ɗan'uwansa mai rawani irin nasa, ko limami ɗan'uwan limami.

Baƙon da ya ƙi cin abinci

A nan ne ƙissar Salmanu da Abu Darda'i take da amfani, ga ta kuwa a cikin Sahihul Bukhari, a babin azumi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abu Darda'i. Wata rana Salmanu ya kai wa ɗan'uwansa ziyara, ya tarar da matar gidan, Ummu Darda'i, cikin tufafin da ba su dace da matar aure ba. Ya tambaye ta dalili, ta nuna masa cewa mijinta ya juya wa duniya baya, ba ruwansa da kome nata. Da maigidan ya zo ya kawo wa baƙo abinci, ya ce ya ci shi kaɗai domin shi yana azumi. Salmanu ya ƙi sa hannu sai in tare za su ci. Abu Darda'i ya karya azumin nafilarsa ya ci. Dare ya yi, ya tashi zai fara tsayuwa, Salmanu ya sa shi ya koma ya kwanta. An jima ya sake tashi, ya sake mai da shi. Sai can ƙarshen dare Salmanu ya tashe shi da kansa, suka yi salla tare, sa'an nan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ma ransa, haka ma iyalinsa, kowanne kuwa a ba shi nasa. Abu Darda'i bai gamsu ba sai da ya kai maganar gaban Manzon Allah, shi kuwa ya gaskata Salmanu.

A dubi wannan ƙissa da kyau. Ummu Darda'i ta riga kowa ganin halin da mijinta ke ciki, amma abin bai gyaru ba sai da tsaransa ya zo. Wannan shi ne halin gidajen shugabanninmu har yau. Daɗa kuma a dubi hanyar da Salmanu ya bi. Wa'azin nan nasa da ya shahara, a ƙarshe ya zo, bayan an ci abinci, an yi barci, an yi salla. Da fari dai ya ɗaure cikinsa da cikin ɗan'uwansa, in kai ba ka ci ba ni ma na haƙura. Ya kwana a gidan, ya zama shi ma bai tashi tsayuwa ba sai lokacin da ya ga ya dace su tashi su biyu. Da a ce ya tsaya bakin ƙofa ya zuba nasiha ya wuce, da Abu Darda'i ya yi masa godiya ya ci gaba da azuminsa. Abin da ya karya taurin kan shi ne kunyar barin baƙo da yunwa.

Abu Darda'i kuwa ba da wasa ko sharholiya ya ke cutar da jikinsa ba, da ibada ne. In har ibadar nafila ba ta zama hujjar tauye haƙƙin jiki ba, to hidimar jama'a ma ba ta zama ba. Mutanen nan biyu daga baya duk sun riƙi jama'a, Salmanu ya yi gwamnan Mada'in, Abu Darda'i ya yi alƙalin Dimashƙa. Wanda bai sami irin wannan ba da wuri, ya ga sakamako. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwa yana saurayi, Manzon Allah ya yi ta rage masa yana neman ƙari, da tsufa ya zo ƙarfi ya ƙare sai ga shi yana burin da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa.

Masana na zamani sun gwada wannan hanya da awo da lissafi, hikima kuwa kayan mumini ce, duk inda ya same ta ya ɗauka. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Jami'ar Duke ta binciki lafiyar limaman cocin Methodist, ta tarar kusan kashi 40 cikin 100 nasu suna da ƙiba mai cutarwa, fiye da sauran mutanen jihar masu shekaru irin nasu. Dalilan kamar a garinmu aka ɗauko su: duk gidan da suka shiga sai an ciyar da su, dare da rana ana kiransu wajen majinyaci ko makoki, suna kuma ganin kula da kansu son kai ne. Sai aka shirya musu wani tsari na shekara biyu, mutum 1,114 suka shiga rukuni-rukuni, aka fara da nuna musu daga cikin addininsu cewa kula da jiki ba son kai ba ne, aka haɗa kowa da mai bibiyarsa. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna teɓa da hawan jini sun ragu, ragin kuma ya ɗore har ƙarshen shekara biyun.

Akwai kuma na shagunan aski a birnin Los Anjelis, wanda aka buga a 2018. An ɗauki shaguna 52 da baƙaƙen fata maza 319 masu hawan jini, irin mutanen da ba su son zuwa asibiti amma ba su fashin zuwa aski. A waɗansu shagunan wanzami ya riƙa haɗa abokin cinikinsa da masanin magunguna nan cikin shagon, a auna shi a ba shi magani. A sauran kuwa shawara kawai wanzami ke bayarwa, ya ce a je a ga likita. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jinin rukunin farko ta sauka da 27, ta rukuni na biyu da 9 kacal. Darasi biyu ke nan. Mutum yakan saurari wanda ya saba zama da shi, wannan ɗaya. Na biyu, zumunci shi kaɗai ba ya saukar da jini, sai an haɗa da awo da magani. Kada wani ya karanta wannan fili ya ce ya sami abokan tafiya, ya jefar da ƙwayoyin da likita ya rubuta masa.

Game da ciwon sukari, wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa, aka buga a 2002, ya nuna waɗanda suka rage nauyinsu kaɗan suka kuma riƙa tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, alhali masu shan ƙwaya kaɗai nasu ya ragu da kashi 31.

Yadda za a yi a gida

Ba sai an kafa ƙungiya mai shugaba da sakatare da hatimi ba, mun san inda irin waɗannan suke ƙarewa. Bahaushe ya riga ya san gayya, ya san adashi, inda kunyar 'yan'uwa ke sa mutum ya fito da abin da shi kaɗai ba zai iya tarawa ba. Adashin lafiya ake so a yi. Mutum biyar zuwa takwas sun isa, su zama tsaran juna a muƙami, masu unguwanni da masu unguwanni, limamai da limamai, domin da zarar an cusa yaro cikin iyayen gidansa to bakinsa ya rufu, an koma ranka ya daɗe. A cikinsu kuma a yi bibbiyu, kamar yadda aka yi a Madina, kowa da Salmanunsa wanda zai buga masa ƙofa ran da bai fito ba. Sharaɗi na farko shi ne riƙon asiri. Majalisa amana ce. Ran da awon jinin dagaci ya zama hirar masu shayi, ran nan tafiyar ta watse, ba kuwa zai sake miƙa hannunsa ba.

Tafiya ita ce jari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin sa'a sau biyar, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya hira. Bayan sallar asuba, in gari ya waye an ga tafin hannu, shi ne lokacin da ya fi, kafin masu ƙara su cika zaure. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako mako. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko numfashi ya yanke, ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Ga kuma lada a ciki ga wanda ya gyara niyya. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Manzon Allah ya ce su zauna inda suke domin ana rubuta musu takunsu. Limamin da gidansa ke manne da masallaci ya rasa wannan, sai ya nemo shi ta hanyar taka ƙafa zuwa gai da marar lafiya ko ziyarar ɗan'uwansa limamin wata unguwa, maimakon hawa bayan babur.

A ƙasa irin ta Birnin Gwari dole a haɗa wannan da hankali. Masu rawani abin hari ne, ba mu manta yadda aka ɗauke Sarkin Kajuru daga gidansa a watan Yuli na 2021 ba. Saboda haka a yi tafiyar a cikin gari, ko filin makaranta, ko harabar fada, a riƙa sauya hanya da rana, kada a nufi bakin daji, kada kuma a fita da duhu. Ran da gari ya yi zafi a zagaya tsakar gida, zagaye talatin a cikin katanga ya fi zaman banza.

Sai awo. A haɗa kuɗi a sayi na'urar awon jini guda ɗaya mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, a roƙi ma'aikacin asibitin shan magani na garin ya koya wa mutum biyu, ya kuma riƙa leƙo su sau ɗaya a wata. Mai awo ya zauna minti biyar tukuna, ya jingina bayansa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, kada ya ci goro ko ya sha shayi rabin sa'a kafin nan. A rubuta a littafi. Wanda aka samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam, abokinsa ya raka shi asibiti da ƙafarsa, kada ya tsaya ga cewa ka je. In an ɗora shi a kan magani, yawanci na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi, a nan ne kuwa mutanenmu suka fi faɗuwa, a nan ne kuma aboki ya fi amfani.

Abinci shi ne mai wuya, domin shugaba ba ya cin na gidansa kaɗai. Suna uku da ɗaurin aure biyu a rana ɗaya, ko'ina an ajiye masa shinkafa da nama da lemon kwalba, in ya ƙi a ce ya raina. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali abin da ake so kada baligi ya wuce a yini duka giram 50 ne. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi da yajin tsire. Mutum ɗaya in ya ture kwalba ya nemi ruwa, za a yi gunaguni. Masu unguwanni shida in suka yi haka tare a zaure ɗaya, kafin wata uku ya zama al'ada, masu biki ma sun huta da kashe kuɗi. Ma'aunin da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kowane almajiri ya haddace shi, aiki da shi ne sai da mai tunasarwa a gefen akushi. Azumin Litinin da Alhamis tare yana da kyau ga mai lafiya, amma mai shan maganin sukari ko mai yin allurarsa kada ya shiga sai ya tambayi likita, gama sukari yana iya faɗuwa ya sumar da shi.

Barci ma a yi masa gayya. In masu unguwanni huɗu suka raba dare, yau wayar wane ce a kunne gobe ta wane, sauran ukun sun sami sa'a bakwai ɗinsu, jama'a kuma ba su rasa mai amsa musu ba. Mata masu riƙe da jama'a, malaman Islamiyya da ungozomai da shugabannin ƙungiyoyin mata, su ma su yi nasu a cikin gida ko a makaranta bayan an tashi yara. Ba baƙon abu ba ne gare su, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da irin wannan tsari na 'Yan Taru ta isar da ilimi ƙauyuka, rukuni rukuni, kowane da jajinsa.

Saura magana ɗaya, wadda na san tana zuciyar waɗansu: wai girma ya faɗi in aka ga hakimi yana sauri a ƙasa yana gumi. Iyayenmu da kakanninmu da suka riƙi waɗannan sarautu a kan doki suke rangadi, yini guda suna bisa sirdi, su kwana a ƙauye su wuce na gaba. Mota ce ta zo ta ɗauke wannan wahala, ta ɗauke lafiyar da ke cikinta. Har yanzu kuwa duk gidan sarautar da ke da doki, ba a barinsa a turke mako guda, sai an sa yaro ya fita da shi kilisa da yamma, don an san in ya daɗe a ɗaure ƙafafunsa za su kumbura ya lalace. Wanda ke jin nauyin fita shi kaɗai, to ga amfanin 'yan'uwa: dattawa shida da sandunansu suna zagaya gari da sassafe, suna duba magudanar ruwa da rijiya da katangar makaranta, suna amsa gaisuwa, ba mai kiran wannan faɗuwar girma, rangadi sunansa. Sayyidina Umar yana Halifa da ƙafa yake zaga Madina, a irin wannan zagaye ne kuma ya riƙa jin kukan da ba ya isowa majalisa. Mai unguwar da ya bi ta lungun marina ko bayan kasuwa da ƙarfe shida da rabi na safe zai gamu da bazawarar da ba ta iya ratsa fadawa ta iso zaurensa, ta faɗa masa abin da ke damunta a tsaye, abokinsa kuma yana gefe yana jiransa su ƙarasa rabin sa'arsu.